Me ya sa kujerar ma'aikacin laburare ce ake fara janyewa a makaranta?

A tsakiyar shekarar 2023 gwamnatin jihar Texas ta Amurka ta karɓe ragamar makarantun gwamnati na birnin Houston daga hannun zaɓaɓɓiyar hukumar da ke tafiyar da su, ta naɗa Mike Miles, wanda ya taɓa riƙe makarantun birnin Dallas, ya ja ragamar. Kafin yara su dawo daga dogon hutu aka ji sanarwa: a makarantu 28 da ya fara gwada sabon tsarinsa a kansu, an soke muƙamin ma'aikacin laburare. Ɗakunan karatun kuma za su koma wurin aikin rukuni, kuma can za a riƙa tura yaron da ya addabi aji ya je ya bi darasi ta kwamfuta. Miles ya ce littattafan suna nan a kan kantoci, duk yaron da ke so ya ɗauka. Magajin garin na lokacin, Sylvester Turner, ya fito ya soki matakin, ganin cewa makarantun da abin ya shafa galibi na unguwannin marasa ƙarfi ne, na baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka.

An yi surutu, an yi zanga-zanga, aka kuma aiwatar. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sauƙin da abin ya zo da shi. Da malaman lissafi ya ce zai sallama daga makarantu 28, da ba a kai ko'ina ba, don shi kansa ba zai iya buɗe makarantun ba. Malamin lissafi yana da aji, yana da lokacinsa a jadawalin darussa, yana da jarrabawar da za a duba a ƙarshen zango. Ranar da bai zo ba, yara talatin ko arba'in ne zaune babu mai tsaya musu, kafin hantsi shugaban makaranta ya sani. Ma'aikacin laburare kuwa in bai zo ba, ƙofa ɗaya ce kawai ba ta buɗu ba. Asarar tana nan, sai dai ba ta fitowa a ranar. Sai bayan shekara biyu ko uku za a gan ta a bakin yaron da ke haɗa baƙi da ƙyar, da hannun wanda aka ba aikin bincike ya kwafo shafin farko da ya gani a intanet.

Kuma Houston ba ita kaɗai ba ce. Wani nazari da Keith Curry Lance da Debra Kachel suka jagoranta, aka fitar a 2021, ya bi alƙaluman gwamnatin tarayyar Amurka ya gano cewa tsakanin zangon karatu na 2009 zuwa 2010 da na 2018 zuwa 2019, guraben ma'aikatan laburaren makarantu sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100. A ƙarshen wannan tsakanin, kusan uku cikin kowaɗanne hukumomin makarantu goma ba su da ko mutum ɗaya a wannan muƙami. A daidai waɗannan shekarun, guraben jami'an gudanarwa da masu tsara koyarwa ƙaruwa suka yi. Wato batun ya wuce ƙarancin kuɗi kawai. Akwai zaɓi a ciki, kuma masu zaɓin ba su ga abin da za su rasa ba.

Gary Hartzell, wanda ya yi shugabancin makarantar sakandare kafin ya koma koyarwa a jami'a a Nebraska, ya daɗe yana bayyana dalilin wannan makanta, kuma ya fi kowa cancantar faɗa tunda ya zauna a kujerar shugaban makaranta. A horon da ake ba shugabannin makarantu, da wuya a keɓe darasi kan abin da laburare ke yi. Don haka shugaba yakan zo da hoton da ya taso da shi tun yana ɗalibi: wata baiwar Allah zaune bayan tebur tana buga hatimi tana cewa a yi shiru. Ga kuma yanayin aikin kansa. In ma'aikacin laburare ya taimaki malami ya tsara darasi mai kyau, malamin ake yaba wa. In ya nemo wa yaro littafin da ya buɗe masa kai, sakamakon yana fitowa ne a takardar malamin Turanci. Ƙari a kan haka shi kaɗai ne irinsa a makarantar. Malaman kimiyya suna da sashe, suna da shugaban sashe, suna da juna. Shi kuwa ba shi da wanda zai tsaya masa a taron malamai sai wanda ya nema da kansa.

Daga nan maganar jagoranci ta samo asali. Ƙungiyar ma'aikatan laburaren makarantu ta Amurka, AASL, wadda reshe ce ta babbar ƙungiyar laburare ta ƙasar, ta daɗe tana lissafa ayyuka huɗu na mai wannan muƙami: malami ne, abokin tsara darasi ne, masanin hanyoyin samo bayanai ne, kuma mai gudanar da laburaren ne. A 2009 ta ƙara na biyar, ta ce jagora ne. Mutum zai iya yin murmushi. Wane irin jagora ne wanda ba shi da ikon ba kowa umarni, ba ya sa hannu a takardar ƙarin girma, ba ya riƙe da asusu?

Amsar tana cikin wani abu guda da yake da shi wanda babu malamin da ke da irinsa: shi kaɗai ne, ban da shugaban makaranta, yake ganin makarantar gaba ɗayanta. Yaran aji ɗaya suna ratsa ɗakinsa, na ajin ƙarshe ma haka. Ya san malamin labarin ƙasa yana koyar da ambaliya a makon da malamin kimiyya ke maganar zagayowar ruwa, alhali su biyun ba su sani ba. Ya san yaran da ke zuwa su ɓuya lokacin tara saboda ana cin zalinsu a waje. Ya san littafin da aka ara har bangonsa ya cire, da wanda ya shekara biyar ba a taɓa shi ba. Jagorancinsa shi ne ya mayar da wannan sani abin amfani ga wasu.

Bari mu duba yadda hakan ke kasancewa a aikace. A ce malamar kimiyya ta ba 'yan ajinta aikin rubutu kan gurɓacewar ruwan sha. In aka bar abin yadda aka saba, za ta turo su laburare ranar Alhamis ba tare da sanarwa ba, su cika ɗakin da hayaniya, su kwafi abu guda, ta karɓi takardu talatin masu kama da juna ta yi ta jan biro tana tsaki. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya jiran Alhamis. Tun farkon zango ya karɓi tsarin darussanta ya duba, ya same ta a ɗakin malamai da shawara ƙarama: maimakon a ce wa yara su rubuta komai game da ruwa, a ba kowane rukuni tambaya ɗaya da ba a samun amsarta a shafi guda. Shi zai ɗauki minti ashirin ya nuna musu yadda ake gane rahoton hukuma daga tallar kamfanin sayar da matatar ruwa, yadda ake duba ranar da aka wallafa abu da wanda ya wallafa shi, da yadda ake faɗin inda aka samo magana. In takardu suka dawo, ita ta duba kimiyyar, shi ya duba majiyoyin. Malamar ta samu sauƙi, aikin yaran ya yi kyau, kuma zango mai zuwa ita da kanta za ta gaya wa malamin tarihi. A haka ake tara mutane, ɗaya bayan ɗaya, kuma abin yana cin shekaru.

Sai kuma shiga inda ake yanke shawara. Kwamitin manhaja, kwamitin sayen kwamfutoci, kwamitin tsara jadawali, wuraren da kowa ke gudu saboda tsawon zama. Wanda ba ya cikin ɗakin lokacin da ake raba awanni da kuɗi, labari kawai zai ji. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta wa yara aikin gida cikin daƙiƙa, makarantu da yawa suna neman wanda zai zaunar da malamai ya yi musu bayanin abin da za a yarda da shi da wanda ba za a yarda ba. Wannan fage ne na mai laburare tun asali, domin tantance majiya da amanar ɗauko maganar wani su ne sana'arsa. In bai miƙe ya karɓa ba, za a ba wani, daga baya kuma a tambaye shi amfaninsa.

Hujja, da iyakar hujja

Masu wannan sana'a suna da bincike da suke taƙama da shi. A 1993 Lance da abokan aikinsa suka fitar da nazarin farko a jihar Colorado, suka maimaita a 2000, aka kuma yi irinsa a jihohi da dama, ciki har da Pennsylvania da Alaska. Sakamakon kusan iri ɗaya ne: makarantun da ke da ƙwararren ma'aikacin laburare na cikakken lokaci, da isassun littattafai, yaransu sun fi cin jarrabawar karatu, ko bayan an yi la'akari da talaucin unguwa. A jihar Ohio kuma Ross Todd da Carol Kuhlthau sun tambayi ɗalibai sama da 13,000 a makarantu 39, sama da kashi 99 cikin 100 suka ce laburaren ya taimake su ta wata hanya.

Ni dai ina ganin a riƙa faɗin wannan bincike da gaskiyarsa. Nazarin Colorado da ire-irensa suna nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba su tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Makarantar da ta riƙe mai laburarenta wataƙila dama makaranta ce mai shugaba nagari da iyaye masu sa ido. Makarantun Ohio kuwa tun farko an zaɓo su ne saboda laburarensu yana aiki da kyau. Hujjar tana da nauyi, musamman da ta yi ta maimaituwa a wurare daban-daban, amma wanda ya kai ta gaban shugaban makaranta a matsayin yankan shakku zai gamu da wanda ya fi shi iya lissafi.

Kuma ko da hujjar ta fi haka ƙarfi, shekara talatin ana kawo ta, gurabe suna ta raguwa. Shugaban makarantar da aka ce ya rage ma'aikaci ɗaya kafin Juma'a ba ya tunanin Colorado. Tunaninsa wa zai cire ba tare da iyaye sun cika masa ofis ba. Shi ya sa Todd ya riƙa jan hankalin abokan sana'arsa su tara hujjar gida, wato abin da ya faru a makarantarsu, da yaransu. Gani ya kori ji. Adadin littattafan da aka ara ba ya gaya wa shugaba komai. Abin da ke shigarsa shi ne a ajiye masa takardu biyu na yaro guda, ɗaya kafin a koya masa bincike, ɗaya bayan an koya masa. Ko a nuna masa cewa yaran nan goma sha biyu da suka faɗi gwajin karatu a farkon shekara, waɗanda ake zama da su kullum bayan tara, ga inda suka kai. Rahoton shafi ɗaya a ƙarshen kowane zango, da aka rubuta a kan abin da ke hana shugaban barci, ya fi kundi mai shafi arba'in a kan abin da ke damun mai laburare.

Darasin iyaye mata uku

A 2007 hukumar makarantun birnin Spokane da ke jihar Washington ta rage awannin ma'aikatan laburare a wasu makarantun firamare domin cike giɓin kasafin kuɗi. Wasu iyaye mata uku, Lisa Layera Brunkan da Susan McBurney da Denette Hill, suka ƙi yarda. Sun fara da hukumar garinsu, ba su yi nasara ba. Maimakon su haƙura sai suka gane cewa matsalar ta fi ƙarfin Spokane: dokar jihar ba ta ware wa laburaren makaranta kuɗi na kansa ba, don haka duk shekarar da aka shiga matsi, shi ne abin yanka. Suka tara sa hannun jama'a ta intanet, suka jawo 'yan kasuwa da malaman jami'a, suka yi ta zarya zuwa Olympia, babban birnin jihar, suna kamun ƙafa wurin 'yan majalisa. A 2008 majalisar ta ware kusan dala miliyan 4 domin laburaren makarantu.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka yi maganar. Da ma'aikatan laburaren ne suka je majalisa, da an saurare su da ladabi an ce albashinsu suke karewa. Hausawa sun ce yabon kai jahilci. Uwa kuwa in ta tsaya ta ce ɗana ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, ba mai ce mata tana neman wani abu. Wannan shi ne ainihin abin da AASL ke nufi in tana maganar neman goyon baya, kuma takan bambanta shi da talla. Talla ita ce ka liƙa sanarwar makon karatu a bango. Neman goyon baya shi ne ka daɗe kana ƙulla hulɗa da mutane har su fahimci aikin, ta yadda ranar da ake bukata su ne za su miƙe, da bakinsu, da dalilansu. Matan Spokane ba daga sama suka faɗo ba. Sun san abin da ake yi a ɗakin ne shi ya sa suka ji zafin rufe shi, kuma wani ne ya bar musu ƙofa a buɗe suka gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kuɗin na shekara guda ne, kuma a ƙarshen 2008 ɗin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Nasarar da aka samu da gangami takan zo ta wuce in ba a ɗaure ta a cikin doka da kasafi na dindindin ba.

Ita ma dokar ba a rungume ta ido rufe. Japan ta kafa dokar laburaren makarantu tun 1953, ta ce dole kowace makaranta ta samu malami mai horon laburare. Amma aka saƙala wani ɗan sharaɗi a ƙarshe cewa na ɗan wani lokaci makaranta za ta iya zama babu shi. Wannan ɗan lokacin bai ƙare ba sai da aka gyara dokar a 1997, aka wajabta naɗin daga 2003 a makarantun da ke da aji 12 zuwa sama. Shekara hamsin ke nan tsakanin rubutu da aiki. A Ingila doka ta tilasta wa kowane gidan yari ya mallaki laburare, amma ba ta tilasta wa makaranta ba, kuma binciken da aka yi a 'yan shekarun nan ya nuna kusan ɗaya cikin kowaɗanne firamare bakwai ba ta da shi. A Amurka dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disamban 2015 ta ambaci laburaren makaranta, ta halatta a kashe masa wasu kuɗaɗen tarayya, amma halatta ta yi, ba ta wajabta ba.

Akwai ɓangaren da ya fi kowanne zafi, shi ne na wane littafi zai hau kanta. A 2022 ƙungiyar laburare ta Amurka ta ƙirga buƙatu 1,269 na a cire littattafai daga laburaren makarantu da na gari, adadin da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara ƙirga. Yawancin littattafan da ake rigima a kansu sun shafi jinsi, jima'i ko launin fata. Tun a 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta taɓa duba irin wannan shari'a, wadda wani ɗalibi mai suna Steven Pico da abokansa suka shigar kan hukumar makarantarsu a jihar New York. Alƙalan sun rabu, amma ra'ayin da ya jagoranci hukuncin ya ce hukuma ba za ta cire littafi don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki ba, ko da yake tana iya cirewa saboda batsa ko rashin dacewa da karatu.

Mai karatu Bahaushe zai iya samun kansa a ɓangaren iyayen da ke ƙorafi a kan wasu daga cikin littattafan nan, kuma ba na ganin laifin uban da ya tambayi abin da ake ba ɗansa. Abin da ya shafi maganarmu shi ne yadda ake yanke hukuncin. Ma'aikacin da ya san abin da yake yi yana da rubutacciyar ƙa'idar zaɓen littafi wadda hukumar makaranta ta amince da ita tun ana zaman lafiya: wa ke zaɓa, da wane ma'auni, don 'yan shekara nawa. Yana kuma da hanyar karɓar ƙorafi: mai ƙorafi ya rubuta, ya nuna shafin, kwamitin da ya haɗa malami da uba da shugaba ya karanta littafin dukansa kafin ya yanke. In babu wannan, wanda ya fi ɗaga murya shi ke yin hukunci, yau a cire abin da ya cancanci cirewa, gobe a cire littafin kimiyya saboda hoton jikin ɗan Adam. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan rigima. Littattafan soyayya na kasuwar Kano sun sha kamu a makarantun 'yan mata, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Cikinsu akwai marasa kyau, akwai kuma waɗanda su ne suka koya wa dubban mata karatun boko da Hausa. Wanda zai iya rarrabewa shi ne wanda ya zauna ya karanta su, kuma aikin mai laburare ke nan in da an ba shi.

A nan gida

Duk abin da aka faɗa a sama yana ɗauka cewa akwai mutum a kujerar. A yawancin makarantun gwamnati na arewacin Najeriya ba a kai nan ba. A takarda kam ba mu da baya. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sa laburare cikin muhimman hidimomin da makaranta ke bukata. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar laburaren makarantu ta Najeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da ma'aikatan laburare tun 1968, kuma tun 1995 akwai dokar da ta kafa hukumar yi musu rajista. Masu digirin suna nan, sai dai jami'o'i da kwalejoji da ma'aikatu suke nufa, don a sakandare da firamare da wuya a ga gurbin da aka buɗe da sunansu.

Abin da aka fi gani shi ne ɗaki guda a ƙarshen baranda, da kwaɗo a ƙofa. Makullin yana hannun malamin Turanci ko na Hausa, wanda aka ɗora wa laburaren a kan darussansa na mako ba tare da an rage masa ko ɗaya ba. In ya buɗe, ƙurar hunturu ta kwanta a kan tebura, gara ta ci ƙafar kanta, ga kwalaye a kusurwa na littattafan da wata ƙungiya ta kawo gudummawa daga waje, wasu ko ledarsu ba a cire ba, wasu kuma kan dokokin harajin wata ƙasa suke magana. Ana share ɗakin ne in masu duba makarantu za su zo.

Wannan malamin shi ne mai laburaren da muke da shi, kuma da shi za a fara. A nan nake ɗan ja da yadda ake wa'azin jagoranci a wannan sana'a, domin wani lokaci yakan koma ɗora wa mutum ɗaya laifin tsarin da ya fi ƙarfinsa. Ma'aikatan Houston ba don lalaci aka soke muƙamansu ba, kuma malamin da ke da darasi ashirin da wani abu a mako ba rashin kishi ne ya hana shi buɗe ƙofa ba. Amma ko a cikin wannan matsi akwai abin nema, kuma sanin abin da za a nema shi ne rabin aikin.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan siyasa sun fi son gini, saboda gini ana manna masa allo da suna. Kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, su ma galibi gini da kujeru da littattafan darasi suke tafiya. Abin da ke raya laburare kuwa ƙanana ne, ba sa ɗaukar hoto. Darasi guda a jadawali ga kowane aji a mako, wanda ba za a ba malamin lissafi aro ba in jarrabawa ta matso. Rage wa mai makulli darussa ko da huɗu ne. Ɗan kuɗi tsayayye kowane zango daga ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wanda za a sayi abin da yara za su karanta da marmari, ciki har da littattafan Hausa, tunda yaron da bai ji daɗin karatu da harshen da yake mafarki da shi ba, da wuya ya ji daɗinsa da Turanci. Da kuma 'yancin cewa a'a, mun gode, in an kawo kwalin da ba shi da amfani. Waɗannan ba sa bukatar majalisa. Shugaban makaranta da shugaban iyaye da mai unguwa za su iya yanke su a zama ɗaya, in akwai uwa ko uban da ya ga ɗansa ya dawo gida da littafi yana karanta wa ƙannensa.

Komawa gida da littafin kuwa shi ne inda gizo ke saƙa. A makarantu da yawa ana lissafa littattafan laburare ne kamar kayan sito: an ƙirga an damƙa wa malami, ya sa hannu, in an zo bincike aka ga babu ɗaya shi zai yi bayani, wani lokaci ma daga aljihunsa. Duk mai hankali da aka ɗora wa wannan sharaɗi kulle ƙofa zai yi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Saboda haka zaman farko da ya kamata mai makulli ya nema da shugaban makaranta shi ne a kan wannan: a rubuta, a sa hannu, cewa littafin da ake ara yana tsufa, yana yagewa, wani ma yana ɓata, kuma makaranta ta amince da wani adadi na asara a shekara ba tare da an tuhumi kowa ba. A buɗe rajistar aro, a naɗa ɗalibai biyu daga kowane aji su riƙe ta, a fara da kwana uku kafin a kai mako. Rajistar nan ita ce kuma za ta zama hujjar farko da za a ajiye gaban iyaye a taron ƙarshen zango, da sunayen 'ya'yansu a ciki da abin da kowanne ya karanta.